Ba daƙiƙanci ba ne: Yadda za a taimaki yaron da haruffa ke yi wa gardama

A layinmu da ke Kubwa akwai wani yaro ɗan shekara tara da ya fi duk sa'o'insa iya ba da labari. Idan ya kalli wasan ƙwallo, zai zayyana maka shi tun daga busar farko har ta ƙarshe, ya faɗa maka wanda ya yi kuskure da dalilin kuskuren. Lissafin canji ba ya shige masa duhu a shago. Amma da zarar an buɗe masa littafin Turanci na aji huɗu, sai murya ta shaƙe, ya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya yana kallon ta kamar bai taɓa ganin ta ba, alhali a layin da ya gabata ya karanta ta. Mahaifinsa, ma'aikaci a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya, ya sauya masa makaranta sau biyu, ya ɗauko malamin da zai riƙa koya masa a gida, ya kuma gwada bulala. Babu abin da ya sauya, illa dai yaron ya fara kukan ciwon ciki duk safiyar Litinin.

Abin da ke damun yara irin wannan yana da suna: disleksiya, wato larurar da ke sa koyon karatu da haɗa baƙi ya yi wa yaro tsananin wuya duk da cewa basirarsa ƙalau take kuma ana koyar da shi. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata wannan suna a 1887. A 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya wallafa labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin ƙwaƙwalwa da ƙwazo a lissafi, wanda bai iya rubuta sunansa daidai ba. Ƙungiyar da ke kula da masu wannan larura a Birtaniya na ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da ita, kuma a kimanin huɗu cikin ɗari takan yi tsanani. Idan aka auna da wannan, ajin firamare mai yara 50 ba zai rasa huɗu ko biyar ba. Tana kuma bin jini. Sau da yawa idan aka bincika sai a tarar akwai uba ko kawu da ya tsani karatu a bainar jama'a tun yana ƙarami.

Da yake likitocin ido ne suka fara lura da ita, an daɗe ana zaton a ido matsalar take. Har yau akwai masu cewa yaron yana ganin haruffa a juye ne. Gaskiya ne yakan rubuta b a madadin d, amma yawancin yara kan yi haka har wajen shekara bakwai, su daina. Binciken shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa tushen matsalar yana wajen sarrafa sautin magana. Kafin mutum ya iya karatu, dole ƙwaƙwalwarsa ta gane cewa kalmar “kaza” sautuka huɗu ce a jere, kuma kowane sauti yana da harafin da ke wakiltar sa. Yawancin yara kan gano wannan da ɗan taimako kaɗan. Mai disleksiya kuwa yana jin kalmar a dunƙule, yana fahimtar ta sarai, amma tsinka ta gunduwa-gunduwa da haɗa kowace gunduwa da harafinta shi ne aikin da ke cinye masa ƙarfi. Shi ya sa a 2009 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da takwarorinta na likitocin ido suka fitar da matsaya cewa babu hujjar da ta tabbatar da cewa tabarau mai launi ko atisayen ido na magance ta. Duk da haka, a fara da gwajin ido da na kunne, domin a tabbatar ba wani abu ne dabam mai sauƙin magani ba.

Inda iyaye da yawa a Abuja ke asarar kuɗi da lokaci shi ne wajen malamin gida. Malamin zai zo da yamma, ya buɗe littafin da yaron ya kasa karantawa da safe, ya karanta masa, ya sa shi ya maimaita har ya haddace shafin. Yaro mai kaifin kunne zai haddace, ya “karanta” wa mahaifinsa ba gargada, kowa ya ji daɗi. A rufe hoton da ke shafin, a nuna masa kalma ɗaya daga tsakiya, sai asiri ya tonu. Ƙara yawan abin da bai yi aiki ba da safe ba zai sa ya yi aiki da yamma ba.

Hanyar da ta fi samun goyon bayan bincike ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1930 likitan ƙwaƙwalwa Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka tsara koyarwa mai bin sautuka ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, inda yaro zai ga harafi, ya furta sautinsa, ya zana shi da yatsa, duk a lokaci guda, kuma ba a wucewa gaba sai na baya ya zauna. Kwamitin ƙasa kan karatu na Amurka ya ƙarfafa koyar da sautukan haruffa bisa tsari a rahotonsa na 2000, Ingila ma ta bi wannan hanya bayan rahoton Jim Rose na 2006, kuma tun 2012 take yi wa yara 'yan kimanin shekara shida ɗan gajeren gwaji domin gano masu buƙatar ƙarin taimako da wuri. Duk wanda ya yi makarantar allo ba zai ji wannan tsari baƙo ba. A can ma da babbaƙu ake farawa, a furta, a nuna da yatsa, sai sun zauna sannan a shiga farfaru. Mun san hanyar, a makarantar boko ne muka yi gaggawa muka tsallake ta, muka miƙa wa ɗan shekara huɗu jerin kalmomin Turanci ya haddace.

Harshen da ake fara karatu da shi ma yana da tasiri, kuma a nan gidajen da ake jin Hausa suna da wata dama da ba su cika amfani da ita ba. Rubutun Turanci na daga cikin mafiya rashin tsari: haruffan nan huɗu da ke ƙarshen though da through da tough iri ɗaya ne, amma furucinsu uku ne mabambanta. Ni da na yi digiri a Turanci, kuma gyaran rubutu ne sana'ata, har yau ina buɗe ƙamus saboda irin waɗannan. A 2001 mujallar Science ta wallafa binciken da Eraldo Paulesu ya jagoranta, wanda ya kwatanta masu disleksiya a Italiya da Faransa da Ingila. Hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna rauni iri ɗaya, amma Italiyawan sun fi iya karatu, saboda a rubutunsu kusan kowane harafi sauti ɗaya yake bayarwa. Rubutun Hausa na boko ya fi kusa da na Italiya ta wannan fuska. Da haruffa huɗu kacal, a, k, m, n, yaro zai karanta mama, nama, kama, kaka, har ma da cikakkiyar jimla: “Kaka na nan.” Yaron da ya shekara uku ana ce masa ba ya ja, ranar da ya karanta wannan jimla da kansa ba da hadda ba, rana ce babba. Shirin Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, sun samar da littattafan Hausa masu bin wannan tsari na gaɓa-gaɓa.

Sai dai Hausar ma tana da tarkonta. Inda Turanci ke da b da d, mu muna da b da d da ɓ da ɗ, huɗu masu kama da juna, don haka kada a koyar da su a mako guda. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke rubutu ɗaya. Harafin c kuma yana da sauti dabam a Turanci, dole a bayyana wa yaro wannan a fili lokacin da zai tsallaka. Akwai kuma yaran Abuja da yawa da Turanci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa. Su sai a fara da harshen da suka fi ƙarfi a ciki, a bi tsarin sautukan dai.

Na san uzurin da ma'aikaci zai kawo, kuma uzuri ne na gaskiya. Wanda ya bar Mararaba ko Lugbe tun kafin rana ta fito, ya dawo bayan isha'i saboda cunkoso, ina ya ga lokaci? Amma aikin bai wuce minti 15 zuwa 20 a rana ba, kuma gajeren zama kullum ya fi doguwar Asabar ɗaya amfani. Wani ɓangarensa ma ba ya buƙatar littafi. A cikin mota a hanyar makaranta za a iya tambayar yaro kalmomin da ke ƙarewa kamar kaza (maza, gaza), ko me zai rage idan aka cire “ta” daga “tasa”. Wannan wasan shi ne ainihin motsa wurin da ke da rauni.

Ɓangaren da ya fi wuyar gyara shi ne zuciyar yaron. Wanda aka tsayar a gaban aji ya yi ta in-ina ana dariya, aka kira shi daƙiƙi a gaban ƙannensa, yakan yanke hukunci tun yana shekara takwas cewa littafi ba nasa ba ne. Daga nan sai ya guji karatu, gujewar ta rage masa kalmomi, ƙarancin kalmomi ya ƙara masa wahalar karatu, tazarar da ke tsakaninsa da sa'o'insa ta riƙa faɗaɗa duk shekara. Don haka a daina sa shi karatu a bainar aji ba tare da an ba shi shafin ya shirya tun a gida ba. A ci gaba da karanta masa littattafan da suka dace da shekarunsa, ko a kunna masa na sauraro a waya, domin iliminsa kada ya tsaya jiran idonsa. A kuma gaya masa sunan abin da ke damun sa. Yara da yawa kan sami sauƙi idan suka ji cewa abin yana da suna kuma ba su kaɗai ba ne. Iyaye kan so su ambata masa Richard Branson ko Steven Spielberg, waɗanda dukansu suka bayyana cewa suna da larurar. Babu laifi, amma ni ina ganin yabo na gaskiya kan kalmomi biyar da ya iya yau waɗanda bai iya ba jiya ya fi labarin attajirin da bai sani ba tasiri.

Ga masu rubuta takardun shawara a ofisoshin gwamnati kuwa, akwai aikin da ke jiran su. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, amma larurar da ba a gani da ido takan faɗi ta bayan layi. Muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo mai horar da malaman masu buƙata ta musamman, da sassan wannan fanni a jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero, sai dai malamin aji ɗaya na firamare, wanda shi ne zai fara ganin alamun, shi ya fi buƙatar horon. Hukumar JAMB ta yi wa makafi tanadi na musamman tun 2017. A Ingila, ƙarin kashi 25 cikin ɗari na lokacin jarrabawa abu ne da aka saba bai wa ɗalibin da aka tabbatar yana da irin wannan larura. Yaron da zai zauna jarrabawar shiga kwalejojin haɗin kai na tarayya ya san amsa, lokacin karanta tambayar ne ke ƙare masa.

Shi kuwa yaron layinmu, mahaifiyarsa ce ta karɓi aikin, da littafin Hausa na aji ɗaya da faranti cike da yashi da yake zana haruffa a kai. Watanni bakwai ke nan. Har yanzu yana karatu a hankali, haɗa baƙin Turancinsa kuma sai a hankali, kuma mai yiwuwa haka zai kasance har ya girma. Amma makon jiya, a hanyarmu ta shiga gari, ya karanta rubutun da ke bayan wata babbar mota tun daga farko har ƙarshe, ya juyo ya tambayi mahaifinsa dalilin da ya sa mai rubutun ya manta da lanƙwasar ƙ.