Zorro da Kyandir

Fim ɗin The Mark of Zorro na 1940 ba shi da kala, amma har yau bai gundure ni ba. Tyrone Power ne Don Diego: da rana ɗan gata mai langaɓewa, har mahaifinsa na jin kunyarsa, da dare ya rufe fuska ya zama Zorro, ya ƙwato harajin da azzalumin shugaban Los Angeles ya tatsa daga talakawa. Daɗin shi ne mu masu kallo mun san sirrin.

Ni dai wurin kyandir ne ke kashe ni. Basil Rathbone, gwanin takobi na gaske da ya fito a matsayin abokin gabar Diego, ya sare kyandir ɗaya don nuna isa. Diego ya kai nasa saran, kyandir ko gezau. Rathbone na dariya, sai Diego ya ɗaga rabin sama. Ashe ya tsinke.