Gwajin ɓera da rayuwar harshen fata a aikin zaizayar baki

1. Gabatarwa

Cutar zaizayar baki, wato noma, tana cin kunci da leɓen yaran da tamowa ta raunana. Tun 1992 ƙungiyar Sentinelles ta fara kula da irin waɗannan yara a Damagaram, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Yaron da ya tsira, ko daga Agadas yake ko daga Maraɗi, sai an toshe masa gurbin da nama mai rai. A nan za mu duba abin da ɓera ya koya mana game da wannan aiki.

2. Gwajin

Abin da muke kira harshen fata (lambeau a Faransanci) shi ne fatar da aka yanka ta gefe uku, aka bar gindinta a manne don jini ya riƙa shiga. A 1965, McFarlane da abokan aikinsa a Kanada suka ɗaga irin wannan harshe a bayan ɓera, faɗinsa santimita 4, tsawonsa 10, suka mayar suka ɗinke. Cikin mako guda bakin da ya yi nisa da gindi yakan yi baƙi, ya bushe. Girman wurin da ya mutu shi ake aunawa don gwada magani ko dabara.

3. Darasi

A da an ɗauka faɗin gindi ke ba harshe damar tsawo. A 1970 Milton ya nuna, a kan alade, cewa ƙarfin jinin da ke shiga shi ne ma'auni. Haka nan ɓera ya tabbatar da amfanin jinkiri: in aka tsaga gefen fata aka bar ta kwanaki kafin a ɗaga, jijiyoyinta sukan buɗe, rayayyen sashe ya ƙaru.

4. Kammalawa

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Ƙarƙashin fatarsa akwai siririyar tsoka mai jijiyoyin jini, wadda ɗan Adam ba shi da irinta sai a 'yan wurare kamar wuya da fuska. Kuma ɓeran gwaji ƙosasshe ne, alhali yaronmu ya sha yunwa, tabo ya ɗaure masa muƙamuƙi. Don haka muna ganin kafin wuƙa, sai a fara ciyar da yaro har jininsa ya dawo.