Gansakuka Mai Dafi: Barazana Ga Dukiyar Masu Shanu

Duk fataken da suka taɓa koro shanu ta Mamudo zuwa kasuwar Potiskum a Jihar Yobe, wadda ke cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, sun san yadda tafkuna ke janyewa idan rani ya yi nisa. Ruwan da ya saura yakan kwanta ya ɗauki zafi, fuskarsa ta koma koriya. Galibi ba a kula da wannan gansakuka, alhali wani irinta na ɗauke da dafin da ke lalata hantar dabba, ya kashe ta cikin sa'o'i.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Tun a 1878 aka ba da rahoton mutuwar tumaki da shanu da dawaki da suka sha ruwan tafkin Alexandrina a Ostareliya. A 2020 hukumomin Botswana sun ɗora wa irin wannan dafi alhakin mutuwar giwaye fiye da 300. A teku ma haka abin yake, domin a 2016 masu kiwon kifi a ƙasar Chile sun yi asarar miliyoyin kifaye.

Masana sun ce abin da ke haddasa yaɗuwarta shi ne haɗuwar zafi da kwantaccen ruwa da kuma sinadaran da ke cikin takin zamani da kashin dabbobi. Ke nan mashayar da garke ke tsayawa a ciki yana kashi ita ce ta fi haɗari. A Amurka yanzu da hotunan tauraron ɗan'adam ake hasashen ɓullarta a tafkin Erie, inda a 2014 ta hana mutanen birnin Toledo shan ruwan famfo har kusan kwana uku.

Makiyayi ba shi da tauraron ɗan'adam, amma yana da sanda. In ya tsoma ta ta fito da zare-zare kamar gashi, yawanci wannan ba mai dafi ba ce. In kuwa ta fito kamar an shafa mata koren fenti, to ya janye garkensa, musamman daga gefen da iska ke tara kumfar. Tafasa ruwan ba ya kashe dafin.

A ganinmu ya kamata ƙungiyoyin dillalan shanu su haɗa kuɗi su gina kwamin shayarwa a bakin rijiyoyin burtsatse da ke kan burtali, tunda a irin waɗannan hanyoyi ne dabbar da aka riga aka biya kuɗinta ke shan ruwan ƙarshe kafin a loda ta zuwa Kudu.