Kebul da Wi-Fi a kwamfuta ɗaya: me ya sa intanet ke yankewa, kuma yaya ake gyarawa?

Kwanakin baya wani maƙwabcina a nan Agege ya yi mini sallama bayan Magariba, ransa a ɓace. Yana da ɗan shago a gaban gidan da yake haya, inda yake cike wa mutane fom a intanet, ya kuma buga musu takardu. Ranar saura kwana biyu a rufe rajistar wata jarrabawa, ga yara sun cika benci suna jira. Ya ce mini: "Malam, abin nan ya ishe ni. In na jona kebul ɗin firinta, intanet ya mutu. In na zare, intanet ya dawo, amma ba damar buga takarda."

Har ya yi niyyar kai kwamfutar Computer Village da ke Ikeja a duba masa. Na ce ya dakata, kwamfutarsa lafiyarta ƙalau. Saiti ne kawai, kuma na san da yawa daga cikinmu, daga Idi-Araba har Sabo ta Ibadan, suna fama da irinsa.

Ƙofa biyu, hanyar fita ɗaya

Yawancin kwamfutoci suna da ƙofa fiye da ɗaya ta haɗuwa da wasu na'urori. Akwai ramin kebul, akwai Wi-Fi, in kuma ka jona wayarka ta USB don ka ja data, ta zama ƙofa ta uku. Kowace ƙofa tana samun lambar adireshinta, wadda ake kira IP, irin su 192.168.0.20.

Ka ɗauka gida ne mai ƙofa biyu, ɗaya tana fita titi, ɗaya tana shiga tsakar gida. In saƙon na cikin gida ne, kamar takardar da za a tura wa firinta, kwamfuta ta san ƙofar da za ta bi. In kuwa saƙon na waje ne, wato intanet, sai ta nemi abin da ake kira "default gateway", ma'ana ƙofar fita. Ko da ƙofofi biyu sun ce su ne ƙofar fita, guda ɗaya take zaɓa.

A Windows, kowace ƙofa tana da maki da ake kira "metric". Mai ƙaramin maki ita ke cin zaɓe. Windows kan raba makin da kanta gwargwadon saurin haɗin, shi ya sa galibi kebul ke gaba da Wi-Fi.

Abin da ya faru da maƙwabcina ke nan. Firintarsa tana jone da wata tsohuwar rauta wadda ba ta da intanet sam, shi kuma yana samun intanet daga MiFi ta Wi-Fi. Da ya jona kebul, tsohuwar rautar ta ba kwamfutar adireshi, ta kuma gabatar da kanta a matsayin ƙofar fita. Kwamfutar ta yarda, ta riƙa tura duk saƙon waje ta ƙofar tsakar gida.

Fara da dubawa

Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta cmd, sannan a baƙin allon da ya fito ka rubuta ipconfig. Za ka ga jerin ƙofofinka, kowace da adireshinta da ƙofar fitarta. Abu biyu za ka lura da su.

Na farko, in ka ga adireshi ya fara da 169.254, wannan ƙofar ba ta samu adireshi daga kowa ba, kwamfutar ce ta ƙirƙira wa kanta. Ka duba kebul ɗin ko rautar.

Na biyu, ka gwada lambobi ukun farko na ƙofofin biyu. In kebul 192.168.0 ne, Wi-Fi ma 192.168.0, to an samu unguwa biyu masu suna ɗaya, dole saƙo ya ɓata. Sai ka shiga shafin saitin ɗaya daga cikin na'urorin ka canza nata, misali ta koma 192.168.5.1. In akwai firinta ko na'urar kyamarar tsaro da aka sa wa adireshi da hannu, ita ma a mayar da ita sabuwar unguwar.

In ƙofa ɗaya ce ke da intanet

Wannan shi ne halin maƙwabcina, kuma maganinsa a hana kebul zama ƙofar fita. Ka danna Windows da R, ka rubuta ncpa.cpl. Ka danna dama a kan "Ethernet", ka zaɓi "Properties", ka buɗe "Internet Protocol Version 4". Ka zaɓi sa adireshi da hannu. In rautar 192.168.0.1 ce, ka ba kwamfutar irin 192.168.0.50, muddin babu wata na'ura a kan lambar. A layi na biyu ka sa 255.255.255.0. Layin "Default gateway" kuwa ka bar shi fayau, haka ma na DNS.

Shi ke nan. Kebul zai riƙa kai saƙon firinta, Wi-Fi ya kai na intanet. Ba mu yi minti goma ba, takardar yaron farko ta fito.

Sai dai ka tuna da abin da ka yi. Ranar da ka kai kwamfutar wani ofis ka jona kebul ɗinsu, ba za ka samu intanet ba sai ka mayar da saitin yadda yake, wato ta karɓi adireshi da kanta.

In duka biyun suna da intanet

Wani yana da rauta a gida, yana kuma ajiye datar waya don ranar da aka ɗauke wuta. A nan maki za ka gyara. A wancan shafin na "Version 4" ka danna "Advanced", ka cire alamar da ke kan "Automatic metric", ka rubuta lamba da kanka. Ka ba ƙofar da kake so a fara bi 10, ɗayar ka ba ta 50.

Akwai abu biyu da mutane ke zato a nan, kuma ba haka suke ba. Jona hanya biyu ba ya ninka sauri, kwamfutar dai ɗaya za ta bi. Sannan komawa hanya ta biyu yana faruwa ne in ta farko ta yanke gaba ɗaya, kamar rauta ta mutu ko an zare kebul. In data ce ta ƙare alhali rautar tana kunne, kwamfutar kan ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofarta. Sai ka zare kebul ɗin da hannunka.

Don kada datar wayar ta zurare ba ka sani ba, ka shiga saitin Wi-Fi ɗin wayar a kwamfutar ka kunna "Metered connection". Wannan yana sa Windows ta rage sauke manyan sabuntawa ta wannan hanyar.

Gargaɗi biyu

A shafin ƙofofin nan akwai wani zaɓi mai suna "Bridge connections". Kada ka taɓa shi in ba ka san aikinsa ba. Yana haɗe unguwannin biyu su zama ɗaya, sai rautoci biyu su shiga raba adireshi a wuri guda, rikicin ya fi na da.

Haka kuma ka lura da matsayin da ka ba kowane haɗi. Na gidanka ko shagonka ka sa shi "Private" don na'urorinka su ga juna. Wi-Fi na otal ko na wani wurin taro ka bar shi "Public", musamman in akwai hotunan fasfo da takardun mutane a kwamfutarka. Amana ce suka ba ka.

Kafin ka canza komai, ka ɗauki hoton saitin da wayarka. In abu ya rikice, sai ka mayar da shi yadda ka same shi. Wanda ya gwada bai dace ba, ya rubuto mini abin da ipconfig ya nuna masa, in sha Allahu za mu duba tare.