Shin Ko Kun San? Masu karatun sama, daga Katsina zuwa Amurka

Shin ko kun san ƙasar Katsina ta taɓa fitar da masanin lissafi da taurari wanda malaman Masar suka ɗauki karatu a gabansa? Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani, Larabawa kuwa al-Kashinawi suke ce masa, wato Bakatsine. Aikin hajji ya fitar da shi daga gida, daga Hijaz ya zarce Alƙahira, can ya rasu a 1741.

Kun san a gidan wa ya cika? Gidan Shehu Hasan al-Jabarti, malamin Azhar da ya yi suna a ilimin falaki, kuma a hannunsa ya bar littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne mashahurin marubucin tarihin Masar, ya kuwa sa labarin baƙon mahaifinsa a littafinsa.

Hatimin nan da malaman zaure suke zanawa a allo fa? Lissafi ne tsantsa. A jera 1 zuwa 9 cikin gida tara, 5 a tsakiya, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. A 1732 al-Kashinawi ya rubuta hanyoyin gina irin wannan hatimi mai layi uku, biyar, bakwai, har abin da ya yi sama. Sai dai a faɗi gaskiya: ilimin taurarinsa a cakuɗe yake da ɗalasimai da sirrin haruffa, kamar yadda littafinsa al-Durr al-Manzum ya nuna. Masu son mayar da shi ɗan kimiyyar zamani suna wuce gona da iri, shi kuwa bai buƙatar wannan kwalliya.

Shin ko kun san ranar Laraba 29 ga Maris 2006 husufin rana cikakke ya ratsa ta Gusau da Katsina da Maraɗi, gari ya yi duhu da hantsi? Manoman Ketare da Faskari, da suka saba duban Kaza da 'ya'yanta da Zara matar wata, ba sai an ba manyansu labari ba.

To, ita ranar kanta, wa ya tona asirinta? George Ellery Hale, haifaffen Cikago ta Amurka a 1868. Yana ɗalibi ya ƙirƙiro na'urar da ke ɗaukar hoton rana da launin haske ɗaya tak, sai ga harsunan wutarta sun bayyana ba tare da an jira husufi ba. A 1908 ya gano cewa baƙaƙen tabon da ke fuskar rana cike suke da ƙarfin maganaɗisu. Kafin nan babu wanda ya taɓa auna maganaɗisu a wajen duniyarmu.

Mutumin ya iya tatsar attajirai. Da kuɗin Charles Yerkes ya gina ɗakin hangen sama na Yerkes a 1897, da na Carnegie ya kafa na Dutsen Wilson a 1904, inda aka girka madubi mai faɗin inci 100 a 1917. Da wannan madubin Edwin Hubble ya nuna cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi. A 1928 Hale ya samo dala miliyan 6 daga asusun Rockefeller don madubi mai inci 200 a Dutsen Palomar. Ya rasu a 1938, shekara 10 kafin a fara aiki da madubin, wanda aka sa wa sunansa.

Tabon nan na rana yakan yawaita ya ragu kusan duk shekara 11. Idan ya yawaita, rana takan yi aman wuta da ke katse tashoshin gajeren zango da tsakar rana. Don haka ba kullum ne laifin batir ko eriya ba idan rediyo ta ɗauke.