Baƙar Ɗamara da Zaren Dambe: Daga Hannun Wa Ka Fito?

(Kiɗan kalangu, sannan ya lafa)

Duk wanda ya tashi a Ajingi ko Toranke ko Balare ya san lokacin wannan kiɗa. Kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, kuɗin gyaɗa sun shigo aljihu, sai da la'asar a ji kalangu yana kira daga bakin kasuwa. Kafin a ga ɗan dambe, sunansa ake fara ji. In kun lura kuma, da wuya makaɗi ya kira shi da sunan yanka. Sai ka ji Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. A kan irin waɗannan sunaye shirinmu na yau zai tsaya, amma sai mun leƙa Koriya ta Kudu tukuna.

Abin da zai kai mu can shi ne 'ya'yanmu. Yaro ya tafi karatu Kano ko Wudil, ya dawo hutu da fararen kaya da ɗamara mai launi, ya ce yana koyon tekwando. Uba ya tambaye shi, "To kai yanzu mene ne a cikinsu?" Yaro ya ce saura kaɗan ya sami baƙar ɗamara, a ransa kuwa ya ɗauka daga nan ya gama.

Ga yadda mutanen Koriya, masu tekwando, suka tsara abinsu. Sabon shiga yana ɗaura farar ɗamara, yana mataki na 10 a jerin da suke kira gup. Lissafin baya-baya yake tafiya: daga 10 zuwa 9, zuwa 8, har a iso 1, launin ɗamara yana sauyawa daga fari zuwa rawaya, kore, shuɗi, sannan ja. Bayan nan ne ake ɗaura baƙa, kuma ranar da aka ɗaura ta sai a sake sabon lissafi mai suna dan, daga 1 ana hawa har 9. Wato mai sabuwar baƙar ɗamara yana matakin farko ne na tsani na biyu. Kamar almajirin da ya sauke Alƙur'ani ne, an yi walima, an yi masa addu'a, gobe kuma ya ɗauki Ahalari ya durƙusa gaban malam.

A birnin Seoul akwai cibiya mai suna Kukkiwon, wadda aka buɗe a 1972, ita ke ba da takardar shaidar dan ga masu bin tsarinta a duk duniya. Dokarta ta jira ce. Daga dan na 1 zuwa na 2 sai an shekara guda, daga na 2 zuwa na 3 shekara biyu, daga na 3 zuwa na 4 shekara uku, haka jiran yake ƙara tsawo. Kafin mutum ya taka na 9 ya haura shekara 30 da ɗaura baƙar ɗamara, furfura ta fito. Yaron da bai kai shekara 15 ba kuwa, komai gwanintarsa, ba a ba shi dan. Nasa matakin sunansa pum, ɗamararsa rabi ja rabi baƙi, har sai shekarunsa sun cika.

Sai laƙabi, wanda shi ne ya fi jan hankalina. Malami ana ce masa sabom, kalmar da ta haɗa ma'ana biyu: mai koyarwa, da kuma abin koyi. A tsarin Kukkiwon sai daga dan na 4 mutum yake isa wannan matsayi. Shugaban makaranta kuma kwanjan, wato mai gidan. Suna da wata 'yar kalma, nim, da ake liƙawa a ƙarshen laƙabi don girmamawa, almajiri ya ce sabom-nim. Mutum ba ya liƙa wa kansa ita, kamar yadda Bahaushe ba ya ce wa kansa ranka ya daɗe. Tsakanin almajirai ma akwai sonbe da hube, wanda ya riga shiga da wanda ya biyo baya, kuma ko na bayan ya fi ƙarfi, shi zai fara sunkuyar da kai.

Wannan tsari na dan daga Japan ya shigo, domin Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945. Wanda ya fara amfani da shi a wasan judo sunansa Jigoro Kano. I, Kano. Suna ne ya zo ɗaya kawai, babu abin da ya haɗa shi da Kano maƙerin nan da tarihin baka ya ce ya taso daga nan ƙasar Gaya ya je Dala neman tama.

(Kalangu ya sake tashi kaɗan)

To mu dawo gida. Ɗan dambe ba shi da takarda, ba shi da ɗamara mai launi. Matsayinsa a sunansa yake. Shago a asali gwanin dambe ne, kuma babu wanda sunan ya bi kamar Shagon da Ɗan Anace, mawaƙin ƙasar Sakkwato, ya yi wa waƙa. A yau in ka ji an ce Shagon wane, ana nufin yaron da wane ya rena a harkar, ya koya masa naɗa zare, ya tsaya a bayansa a turmin farko. Auta shi ne ƙaramin gidan. Bahago, hannun hagu yake ɗaure wa zare. Garkuwa kuwa shi ke tare wa ubangidansa faɗa. Ku tuna sunayen da aka sha kira a gidan damben Ado Bayero Square da ke Sabon Garin Kano, ko na Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja: Garkuwan Cindo, Bahagon Sanin Kurna, Autan Sikido. Kowane suna yana ɗauke da mutum biyu, yaro da wanda ya yi shi. Wani lokaci har uku, in aka ce Shagon Bahagon wane, ka ga an ba ka salsala tun daga kaka. Bayan haka kuma ga ɓangaren da mutum yake, Kudu ko Arewa ko Guramada.

A ganina wannan tsari bai gaza na Kukkiwon hikima ba. Abin da suka rubuta a takarda, mu a bakin makaɗi muka ajiye shi. Kuma yana da nauyi. Yaron da ake kira Shagon wane in ya yi kisa, ubangidansa ake yi wa barka. In aka kashe shi, ko ya yi abin kunya a gari, sunan ubangidan ne ya sha ƙasa tare da shi.

Akwai kuma bambancin da duk al'ummomin biyu suka riƙe, tsakanin mai nasarar yau da mai riƙe da sana'a. Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar ya ciyo azurfa a tekwando a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya a 2017. Kafin shi Chika Chukwumerije ya kawo wa Nijeriya tagulla daga Beijing a 2008. Amma lambar yabo ba ta ɗaga mutum zuwa dan na 9, kuma zakara in ya shiga ɗakin horo zai sunkuya wa tsohon da ya daina gasa tun kafin a haife shi. Haka nan takobin kokawar Nijar, wanda Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka a Tawa a 1975: na shekara guda ne, baɗi sai a sake fitowa fili a kare shi. Sarkin Dambe kuwa, kamar Sarkin Fawa ko Sarkin Maƙera, naɗi ne. Ba lallai ya iya kashe kowa a yau ba. Shi ke raba gardama, shi ke hana a haɗa ƙaramin yaro da wanda zai illata shi, shi ake nema in baƙin 'yan wasa sun sauka a gari.

Abin da ke damuna shi ne yadda gaggawa ta shigo duka biyun. Za ka ga matashi bai cika shekara 30 ba ya buga hoto a Facebook yana kiran kansa babban malamin tekwando, da ɗamarar da ya saya a kasuwa. Za ka ga wani ya raɗa wa kansa Shagon wane alhali bai taɓa riƙe wa wanen jaka ba. A dandalin dambe ƙaryar ba ta daɗewa, turmi uku ya isa. A tekwando tana iya daɗewa, domin iyaye ba su san abin da za su tambaya ba, kuma jikin 'ya'yansu ne a hannun mutumin.

Don haka, Malam, Hajiya, in ɗanku ya ce zai shiga, ku je ku ga malamin da idonku. Ku tambaye shi dan na nawa yake, wace shekara ya samu, wa ya jarraba shi. Takardar Kukkiwon tana ɗauke da lamba, kuma ana iya bincika ta a intanet. Sannan ku yi masa tambayar da dattawan Ajingi ke yi wa baƙon ɗan dambe kafin a bar shi ya sa zare: kai yaron waye?

(Kalangu)