Ƙanena mai share ɗakin zaki

Shekara huɗu ke nan, duk wanda ya tambayi Mma aikin da ƙanena yake yi a Afirka ta Kudu, amsarta ɗaya ce: "Yana gona." Ba ƙarya take yi ba, domin wurin da yake aiki tsohuwar gona ce a lardin Free State. Abin da ba ta faɗa shi ne, babu masara babu shanu a gonar. Zakuna ne a ciki, da damisa, da kura, da irin damisar Asiya mai ratsi-ratsi da ake kira taiga. Mafaka ce ta namun dajin da aka ƙwato daga hannun mutane, kuma aikin ƙanena shi ne ya yanka musu nama, ya kwashe kashinsu, ya wanke kwatarniyar ruwansu.

Bana ya zo gida Nima bayan Babbar Sallah da maganar aure. Kawun yarinyar, dattijo mai bin diddigi, ya aiko cewa kafin a karɓi goro yana so ya ji ainihin sana'ar yaron. Baba ya dube ni ya ce, "Kai ne ticha, kai ka iya bayani. Je ka gaya musu." A nan na gane ni ma ban san komai ba. Sai na zaunar da ƙanen nawa dare uku a teburin mai shayi, ina tambaya yana amsawa, yana nuna mini bidiyo a wayarsa. Abin da na ji ne na ga ya kamata in rubuta, don na san ba gidanmu kaɗai ake jin kunyar faɗin aikin ɗa ba.

Safiya da ƙirga take farawa

Agogonsu ya riga namu da awa 2. Lokacin da yake fita aiki da ƙarfe 6, mu nan ko kiran assalatu ba a yi ba. A watan Yuni da Yuli sanyin wurin ya wuce duk wani hunturu da muka sani, har ruwan kwatarniya yakan daskare, sai an fasa ƙanƙarar da sanda kafin dabba ta sha.

Aikin farko ƙirga ne. Sai ya ga kowace dabba da idonsa, ya ga ta tashi, ya ga yadda take taka ƙafa. Na ce masa ai wannan kiran rajista ne irin nawa a aji. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai in yaro ɗaya bai zo ba gidansu za ka aika. Mu in ɗaya bai cika ba, kowa mota zai shige ya kulle."

Daga nan sai zagayen shinge. Kowane fili an kewaye shi da waya mai tsawo, ga kuma wayar lantarki a jikinta. Kullum sai an auna ƙarfin wutar, an duba ko reshe ya faɗo a kai, ko beguwa ko gyado sun yi rami a ƙarƙashi cikin dare. Su ma can sun sha fama da ɗauke wuta kamar dumso ɗinmu, don haka batir da sola suna cikin abin da ake dubawa kafin a karya kumallo.

Ba a shiga wurin zaki

Tambayar da kowa yake fara yi masa ita ce ko yana shafa kan zaki. Ba ya yi, kuma a wurinsu duk wanda ya gwada ya bar aiki. Kowane fili yana da ƙaramin ɗaki a gefe mai ƙofar ƙarfe da ake ja daga waje. In za a yi shara, sai a yaudari dabbar da nama ta shiga ɗakin, a sauke ƙofa, a sa kwaɗo. Mutum biyu ne suke yin wannan: ɗaya ya kulle, na biyu ya zo ya ja kwaɗon da hannunsa, ya sake ƙirga dabbobin da ke ciki, sannan a buɗe filin. In zakuna uku ne a fili kuma biyu kaɗai suka shiga, to ranar ba shara.

Ya ce wanda ake jin tsoro a aikin shi ne wanda ya shekara biyar bai taɓa ganin komai ba, don shi ne zai ce ai na kulle, ba sai an duba ba. Namijin zaki yakan kai kilo 200, kuma sabon da ya yi da mai ba shi abinci ba ya cire masa halinsa. Mu a Akra ba ma bukatar a tuna mana. A watan Agusta na 2022 wani mutum ya tsallaka shingen zakuna a gidan zu na dajin Achimota, bai fito da rai ba.

Inda gadon fawa ya yi rana

Babanmu mahauci ne, kakanmu ma haka. Ni na gudu makaranta har na yi kwalejin horon malamai, shi kuwa ƙanena tun yana ɗan shekara 12 yake riƙe wa Baba ƙafar sa. Wannan ne ya ba shi aikin. Ya je ne a matsayin lebura mai gyaran shinge, sai wata rana aka kawo saniya babu mai feɗewa, ya karɓi wuƙa. Daga ranar ɗakin nama ya koma hannunsa.

Zakanya tana bukatar wajen kilo 5 na nama a rana, namiji wajen kilo 7. Amma ba kullum ake ba su ba, don a daji ma ba kullum suke kamu ba. Ana ba su da yawa yau, a bar su gobe. Ka lissafa kuɗin kilo 7 a kan teburin mahauci a kasuwar Nima, ka ninka da kwanakin shekara, ka sake ninkawa da shekara 20, domin zakin da ke hannun mutane yakan kai haka, alhali na daji da wuya ya wuce 14. Wannan shi ne bashin da wuri yake ɗauka a ranar da ya karɓi zaki ɗaya.

Shi ya sa suka dogara da manoman yankin. In saniya ta karye, ko doki ya mutu, sai a bugo waya su tafi da a-kori-kura. Tambayar farko kafin a ɗora gawar a mota ita ce me ya kashe ta, kuma wane magani aka ba ta. In da allurar likita aka kashe doki, maganin yana nan a cikin naman, kuma zai iya kashe zakin da ya ci.

Tsoka zalla kuma ba abinci ba ce. Dole a haɗa da ƙashi da fata da gashi, a barbaɗa garin sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Ɗan zakin da aka raina a gida da tsoka kaɗai yakan tashi da ƙafafu a lanƙwashe, ƙashinsa yana karyewa da ɗan tsalle. Akwai irinsu a wurin, kuma ba sa warkewa gaba ɗaya, sai dai lallaɓawa. Ƙanena ne yake tsaga aljihu a cikin tsoka ya cusa ƙwayar magani, ya miƙa a kan dogon ƙarfe ta ramin waya, ya tsaya har ya ga an haɗiye. Ya ce akwai wata zakanya da take cinye naman ta tofo ƙwayar, kamar yaron da aka ba maganin zazzaɓi a cikin koko.

Shara, da abin da ake karantawa a cikinta

Rabin yini a kan shebur da baro yake ƙarewa. A kwashe kashi, a tsince ragowar ƙashi kafin ƙuda su taru, a goge kwatarniya da buroshi, a sauya ciyawar shimfiɗa. Wannan ɓangaren ne Mma ba ta son a faɗa. Amma a nan ake gane ciwo. Dabbar daji tana ɓoye rauninta har sai ya ci ƙarfinta, don haka kashi ne yake fara tona asiri: launinsa, taurinsa, ko da jini, ko da tsutsa. Duk abin da aka gani sai a rubuta a littafin dabbar, da abin da ta ci da abin da ta bari. Wannan littafin likita yake karantawa, don ba a yi wa zaki allurar barci sai dole, musamman in ya tsufa.

Da rana zakuna suna kwance, suna iya hutawa har awa 20. A lokacin ake komawa kan sauran. Taiga tana son wanka, sai an zubar da ruwan tafkinta an sake cikawa. Damisa tana son bisa da wurin ɓuya, kuma ita ce gwanar neman kafar fita, shi ya sa ake rufe saman filinta. Kura tana tauna duk abin da ta samu, har robar ruwa. Akwai kuma aikin hana su gundura: a rataya nama a bisa itace, a cusa shi cikin kwali, a yayyafa kayan yaji ko turare a kan dutse don su sami sabon abin shinshinawa. Dabbar da ta shekara da shekaru a keji takan riƙa kai da komo a layi ɗaya ko bayan an ba ta fili. Ya nuna mini wani zaki da har yanzu taku shida yake yi ya juyo, daidai tsawon kejin da ya baro.

Daga ina suke zuwa?

A Afirka ta Kudu akwai zakuna kimanin 8,000 da ake kiwo a wurare wajen 350, fiye da ninki biyu na waɗanda ke daji a ƙasar. Ana raba ɗan zaki da uwarsa yana jariri don masu yawon buɗe ido su biya su ɗauki hoto da shi. In ya girma a sayar wa mai harbi a cikin shinge, ƙashinsa kuma a tura Asiya. A watan Mayu na 2021 ministar muhalli ta lokacin, Barbara Creecy, ta sanar da cewa gwamnati za ta kawo ƙarshen wannan kiwo. Sai dai ko an rufe gonakin, zakunan suna nan, kuma wanda aka shayar da bulumboti bai iya farauta ba, bai kuma san tsoron mutum ba, don haka ba a sakin sa daji. Wannan ne ya sa mafaka ta gaskiya ba ta barin su haihu, ba ta saye, ba ta sayarwa.

Wasu kuma yaƙi ne ya koro su. Masu Facebook za su tuna hotunan zakunan da suka rame a wurin shaƙatawa na Al-Ƙurashi a Khartum a watan Janairu na 2020, waɗanda wani ɗan Sudan, Usman Salih, ya yaɗa, daga baya ya buɗe musu mafaka a kudu da birnin. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, wurin ya faɗa tsakiyar wuta. Ƙungiyar Four Paws ta kwashe dabbobin a watan Nuwamba, kuma a Fabrairun 2024 zakuna 11 daga cikinsu suka isa mafakarta ta Lionsrock da ke Free State ɗin.

Namu rabon

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kimanin 400 ne kawai, mafi yawansu a dazukan W da Arli da Panjari da ke tsakanin Nijar da Burkina Faso da Benin. A dajinmu na Mole masu binciken ba su sami tabbacin ko ɗaya ba. Amma har gobe a kasuwanninmu akwai mai shimfiɗa tabarma yana tallan fata da farce da abin da ya ce man zaki ne, kuma muna saye. Muna taruwa kallon masu wasa da kura, muna ba yara biri a ɗaure da igiya. Duk dabbar da ta shigo gari ta wannan hanya, in ta yi sa'a ta rayu, wani ne zai ƙare yana kwashe kashinta shekara da shekaru. Labarin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa kuwa, tun muna makarantar allo muka san shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar na je wurin kawun yarinyar. Ban ce gona ba. Na gaya masa komai, har da shebur da mushen doki. Ya yi shiru, sannan ya yi tambaya biyu: albashi yana zuwa a kan kari? Yaron yana samun yin salla? Na ce e. Ya ce a kawo goro.

Wanda ya rage shi ne Baba. Gwiwarsa ta fara ba shi wahala, kuma ya so ƙanena ya dawo ya karɓi teburin fawa. Ƙanena ya nemi a ba shi lokaci, saboda akwai wani tsohon zaki mai shekara 19 da haƙoransa suka ƙare, shi yake yanka masa nama ƙanana-ƙanana, kuma ba ya so ya bar shi a hannun sabon mutum. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Amma da ya karɓi wayar ya ga yadda yaron yake raba cinyar saniya, sai ya sa aka maido bidiyon baya, ya ce wuƙar tana bukatar wasawa. Ranar tafiya, dutsen wasa wuƙarsa na shekara da shekaru yana cikin jakar ƙanena.